Liyarin Innata a Wuyan Hannatu

Liyarin nan, kuɗin azurfa na da mai hoton kan mace, tun kafin Nasara su zo yake gidanmu. Innata ta bar mani shi ƙunshe cikin tsumman baƙin zane, ta ce kada in kuskura in wanke shi, in zan ɗauka in kama ta gefe, gumin hannu na ci mashi fuska. Haka na yi. Har shunin zanen ya shige cikin gashin matar da ke jikinshi, ya yi shuɗi. Ko cikin dubu zan gane shi.

Da jikata Sa'a ta tasa, na ba Dawuda, ɗan ƙanena, ya kai ma Gajere maƙeri a Kankiya ya sa mashi marataya. Ya dawo garinmu Bauranya yana sosa ƙeya.

"Gwaggo, ya faɗi a hanya."

"Kai mi ya hana ka faɗi?"

Bayan kaka sai ga matarshi Hannatu a kasuwar Kusada, liyari a wuya yana walƙiya. Na cafki igiyar. Ta ce, "Gwaggo, sakar mani wuya, ba akuya ba ce."

Na kai ƙara. Alƙali ya ce, "Iya, mi ke shaidarki?"

Na ce, "Allah gafarta malam, a duba gashin matar, shuɗi ne."

Aka duba, fari fat. Aka kira Gajere. Ya ce shi duk azurfar da ta shigo maƙerarshi sai ya jiƙa ta da tsamiya, ya dirje da toka da rairayi, wa zai rataya ma amarya baƙin abu? Ko wannan ya zo da shuɗi, bai tuna ba. Na ce, "Kai da gajartar taka har hankalin?" Aka ce in yi shiru.

Sai na zaro tsumman. Wurin da liyarin ya kwanta tun zamanin innata ya fito zagaye, ya koɗe. Alƙali ya aza na wuyan Hannatu a kai, ya zauna daram. Na ce, "To!"

Dawuda ya ce, "Gajere, ara mani naka." Gajere ya kwance wani daga lalitarshi, aka aza. Shi ma daram. Mace ɗaya, girma ɗaya. Ashe duk uwarsu ɗaya.

Alƙali ya ce ko in kawo wanda ya ga na ba Dawuda wannan ɗin, ko Dawuda ya rantse ba nawa ba ne. Ya yi alwala ya rantse, ko ƙifta ido bai yi ba.

An ce in jira Di'o, babban jami'in mulki, in ya zo rangadi. In nuna mashi mi? Tsumma?

Sa'a ta tambaye ni jiya ko an gama maratayar. Na ce ta je ta tambayi kawunta Dawuda.