Ƙofa Mai Kusurwa Huɗu

Faranti uku na roba Injiniya ya jera mata a kan teburinsa, tsakanin dalma da tarin wayoyi. Kowanne bai fi tafin hannu ba, kowanne da rami a tsakiya.

"To, Auta, zaɓi," ya ce.

Ta dube su ta dube shi. Ita da ta zo karɓar akwatin wasan gem da ake jonawa da talabijin, sanda ɗaya da maɓallai shida, wa ya ce mata har da zaɓe a ciki? Shekara ashirin tana koya wa yara lissafin kusurwa a makaranta, yau ga kusurwa ta tsaya mata a wuya a shagon tsohon mai gyara.

Injiniya ya kifa akwatin ya nuna mata cikinsa. Ashe sandar da ake kamawa a sama tana da gindi a ƙasa, gindin nan kuma cikin ramin farantin yake yawo. Ƙofa suke ce masa. Iyakar ramin, iyakar inda hannu zai kai.

"Wannan mai kusurwa huɗu, ita ce a injinanmu na da. Wannan mai takwas, duk inda kika tura sanda akwai ɗan lungun da za ta faɗa, ta ce miki kin iso. Ɗan koyo na jin daɗinta, sai dai tana saba wa hannu da jingina. Wannan mai zagaye kuwa ba ta gaya wa kowa komai, sai wanda hannunsa ya riga ya san hanya. Wa zai koya?"

"Yaya."

Tsohon ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. "Yayanki? Wanda na canza wa sanda sau uku a shekara ɗaya?"

"Hannunsa ne ɗan koyo yanzu," ta ce.

Dariyar ta tsaya. Ya san labarin, kowa ya sani. Wata huɗu ke nan da Yaya ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, kai, bakin ma ya fi da kaifi. Hannun ne ya ƙi. Likitar gashin ƙashi ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: akwai sauran rai a yatsun, amma in bai motsa su ba a watannin nan, za su naɗe su sandare, shi ke nan har abada. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Yaya ya wurga ƙwallon bayan kabad ya ce shi ba jariri ba ne. Matarsa ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza.

Wannan hannun fa! Auta ba ta manta ba. Gidan gem ɗin Injiniya na wancan zamanin yana ƙarƙashin benen wani tela, ɗaki dogo marar taga, injina biyar a jere, warin waya mai zafi da zufar samari. Fanka ɗaya ce, ita ma kanta a karye, bango take fifitawa. Tana aji huɗu a lokacin, Yaya ne ke ɗauko ta daga makaranta, kuma maimakon gida nan suke zarcewa. Aikinta riƙe masa jaka da rufe baki in an koma gida. Tana tsaye a gefen injin, kanta daidai gwiwar hannunsa, don haka ba allon take gani ba, hannun take gani. Tafin a buɗe yana kallon sama, ƙwallon sandar tsakanin yatsu biyu, yana motsi kaɗan-kaɗan kamar mai juya cokali a kofi. Sauran samari sai jijjiga inji suke, Injiniya na yi musu ihu daga bayan teburinsa. Na Yaya kuwa sai ɗan ƙas-ƙas-ƙas, sai ka ji ɗaki ya ɗauki sowa. Da sulalla ɗaya yake wuni, layi na canzawa a gefensa. A lokacin in an tambaye ta wa ya fi kowa a duniya, ba za ta yi dogon tunani ba.

Yanzu wurin shagon sayar da wayoyin hannu ne, an fasa masa taga, an shafa farin fenti.

"Mai takwas," ta ce. "Ta fi sauƙi."

Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya maƙala ta. Sai kuma ya naɗe mai huɗun a takarda ya tura mata cikin jaka, ya nuna mata ƴan haƙoran da ake dannawa a ɓalle ƙofa a canza wata. "Ajiye dai. Na san mutumin."

Ran Asabar da hantsi ta kai akwatin. Ta jona shi da talabijin ɗin falo, tsohon kiɗan nan ya tashi, ƴan dambe biyu suka fito suna rangaji. Yaya na kan kujerarsa, hannun hagu a kan cinya. Wallahi sai da fuskarsa ta canza, Auta ta ga yaron nan na da ya leƙo ya koma. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin, ko numfashin kirki ba ta yi.

Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagun ya ɗora a kan sandar. Ya tura da dukan kafaɗarsa. Sandar ta faɗa lungu. Ya sake turawa, ta faɗa na gaba. Ya tsaya cak.

"Mece ce wannan?"

"Akwatin wasa mana, Yaya."

"Ƙofar nake tambaya. Ta ƴan koyo kika sa min?"

"Cewa na yi hannunka..."

"Hannuna me?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ture akwatin da gwiwa har sai da ya zame ƙasa.

"Ƙwallon jarirai, yanzu kuma ƙofar makafi. Gobe sai ku kawo min bulumboti. Kwashe kayanki."

Kunya ta kama Auta, kunya mai zafi, don ta san gaskiyarsa. Tausayi ta kawo masa a naɗe cikin roba, shi kuma da taɓawa ɗaya ya gane. Amma ita ma ai jininsu ɗaya, taurin kan gado ne. Ba ta kwashe komai ba.

Ran Litinin da ta tashi daga makaranta ta wuce gidan, ta gaida matar Yaya, ta zauna a tsakiyar falo ta ɗora akwatin a cinya.

"Me kike yi?" in ji shi.

"Koyo. Ba ka ce ta ƴan koyo ba ce?"

"Je ki koya a gidanki."

"Talabijin ɗina ƙarami ne."

Haka ta riƙa zuwa kullum la'asar. Kai, abin ba kyan gani! Mace mai shekara arba'in da uku, tabarau a karan hanci, tana kokawa da sanda kamar mai tuƙa tukunya. In ta so tsalle ɗan dambenta ya durƙusa, in ta so karewa ya miƙa fuska. Inji ya yi ta jibgarta ba tausayi. Mai takwas ɗin dai ta yi mata rana, a kwana na huɗu ta fara sanin gabanta da bayanta, tana bin bangon ramin lungu-lungu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta ci zagaye ɗaya ta yi guɗa ita kaɗai. Yaya na bayan jarida. Shafi ɗaya ya riƙe tun ran Litinin.

A kwana na shida jaridar ta sauka.

"Don Allah ki daina goga min sanda a bango. Har cikin haƙorina nake ji."

"Ai ina ci."

"Inji kike ci, shi ma don ya ji tausayinki. Cire wannan abin. Ina mai huɗun? Na san tsohon nan bai bar ki kin taho ba ita ba."

"Mai huɗu wuya gare ta."

"Wuyar ita ce karatun. Ki wahala wata ɗaya ki iya, ko ki ji daɗi yau ki shekara goma kina dafa bango."

"Yau kuma ni ake koya wa?" Ta cire tabarau. Maganar ta daɗe a cikinta, ta fito da zafinta. "Sau ɗaya na roƙe ka ka bar ni in taɓa, sau ɗaya tak. Ka ce ba na mata ba ne, riƙe jaka. Shekara uku ina riƙe jaka, Yaya."

Ya kau da kai wajen taga. Can ya ce, a hankali, "Ai kin iya riƙon jakar."

Matarsa ta fashe da dariya daga kicin, Auta ma ta kasa riƙe tata. Ta kifa akwatin, ta danna haƙoran nan da ƙyar har farcenta ya karye, ta ɓalle mai takwas ta maƙala mai huɗu.

Sai komai ya rushe. Ɗan abin da ta tara a kwana shida ya bi iska. Bangon ramin a miƙe yake, ba abin da ke gaya mata nan ne gaba sosai, sai ta zame ta faɗa kusurwa ta maƙale. Akwai wani bugu da Yaya ya nace sai ta iya, wanda ɗan damben ke harba dunƙulen wuta: ƙasa, kusurwa, gaba, sannan naushi. Ta yi sau hamsin bai fita ba. In hannun hagu ya yi daidai na dama ya makara, in na dama ya yi daidai na hagu ya ɓata.

"Kai, Auta, anya ke kike koyar da ƴaƴan mutane? Matso nan. Kawo maɓallan, ke ki ji da sandar kawai."

Ta koma doguwar kujera ta zauna a hagunsa, akwatin rabi a cinyarta rabi a tasa. Ya baza yatsun dama a kan maɓallai, suka zauna daram kamar jiya ya bar su. Hannun hagun na kwance a tsakaninsu.

Mako biyu suka yi a haka. Shi naushi, ita tafiya, faɗa kuwa ba a magana. "Ƙasa na ce! Wa ya aike ki sama?" "To ai kai ka danna da wuri!" Ya fara aske gemu kafin ta zo. Ya fara tambayar matarsa ƙarfe nawa. Amma Auta na ƙirga kwanaki a ranta, tana satar kallon yatsun nan, kuma ta ga ƙaramin ya fara lanƙwashewa ciki. Tsoro ya cika ta. Ta zo ceton hannu, ga shi ta ɓuge da zama ƴar wasa.

Ran wata Alhamis suka kai ga wani ƙaton abokin karawa da ya hana su sakat. Sau bakwai yana kayar da su. A na takwas layin jininsa a saman allo saura kaɗan, nasu ma haka, ya ja baya can ƙarshen allo inda naushi ba ya kaiwa. Wuta kawai za ta same shi.

"Yanzu!" Yaya ya danna. Ba ta fita ba, sandar ta maƙale a kusurwa.

"Sake! Kar ki kai bango, ba ƙarfi ake so ba!" Ya danna. Shiru.

"Haba, Auta! Haka, haka!"

Wani abu mai sanyi da nauyi ya sauka a bayan hannunta. Yatsu uku suka kama nata, ba ƙarfi, suna rawa, suka ja ƙasa, suka ɗan karkata, suka tura gaba. Ƙas-ƙas-ƙas, ko bangon ba a taɓa ba. Wutar ta fita ta ratsa allo, ƙaton ya kife.

"Kin gani? Abin da nake gaya miki ke nan tun..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa na kan allo, bai sauke shi ba, amma ta ji numfashinsa ya canza. Ita ma ba ta kalli ƙasa ba. Ta san in ta kalla, ko ta ce uffan, ko matarsa ta fito ta yi salati, zai janye hannun ya mayar cinya. Hawaye ya cika mata tabarau, allon ya zama ruwa-ruwa.

Sabon abokin karawa ya fito. Kiɗa ya canza.

Yanzu kam ta gane bugun sarai, hannunta ya ji hanyar, ko ido rufe za ta iya. Ta ja ƙasa, ta kai sandar kusurwa da gangan, ta maƙale ta a can.

"Kai, wannan yarinya!" in ji Yaya. "Kanki kamar dutse. Sake."

Yatsun suka ƙara matse nata.