Jarrabawar Turanci ta Direbobi

Malamar ta ajiye masa takardar a kife, ta wuce tebur na gaba. Baba Sannu ya danne ta da tafin hannu. Su goma sha huɗu ne a ɗakin taron kamfanin, duk direbobi, kowa riƙe da sabon fensir da aka raba a bakin ƙofa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci, amma rigarsa ta manne masa a baya.

Wata uku ke nan da kamfanin ya koma hannun sababbin masu shi. Ba su daɗe ba suka liƙa sanarwa a garejin motoci cewa kowane direba sai ya ci jarrabawar Turanci, saboda baƙin da za a riƙa ɗauka da kuma rahoton tafiya da za a riƙa rubutawa. Wanda ya faɗi, ƙarshen wata ya miƙa makulli. Baba Sannu ya shekara ashirin da shida yana tuƙi a nan, kuma rabonsa da aji tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. 'Yarsa ta biyu, mai karatun aikin jinya, ita ta ɗauki nauyinsa. Mako shida tana zaunar da shi kowace safiya kafin shayinsa ya huce. Da ta miƙo masa littafin sai ya ture.

"Ke dai karanta, ni da kunne na fi kamawa."

Ya kuwa kama. Har uwar 'ya'yansa ta fara tsokanarsa wai an kusa a nemo mata tafinta a gidan.

"Kafin ku buɗe," in ji Malamar. Daga wata cibiyar koyar da harsuna aka ɗauko ta, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, muryarta ta ɗan dishe. "Tambaya arba'in ce, minti arba'in da biyar. Kowace tambaya da akwati huɗu a gabanta, a ɗaya kawai za ku sa alama. In akwai mai matsalar ido ko wani abin da zai hana shi karatu, ya ɗaga hannu, a rubuta sunansa, in karanta masa da baki."

Shugaban direbobi yana tsaye a bakin ƙofa da littafi da biro a hannu.

"Malama, direba mai matsalar ido ai sai dai a ba shi baro ya tura," in ji Dogo, ɗaya daga cikin direbobin, daga bayan ɗakin.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Baba Sannu ma ya buɗe haƙora. Hannunsa bai bar kan takardar ba.

Bara abin ya fara, da idon dama. Kamar gilashin mota ne da safe bayan an kwana ana ruwa, sai dai wannan ba ya goguwa. Bana na hagun ya bi. Ya je wajen wani likita can nesa da unguwarsu inda ba mai saninsa, aka ce yanar ido ce, sai an yi aiki, kuma sai ya ajiye tuƙi na wani lokaci. Ya ninke takardar likitan ya cusa ƙarƙashin kujerar mota, bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Ya riƙa tuƙi da sanin hanya: ya san kowane rami, kowace kwana, ya san inda mutane ke tsallakawa. Da can Jirgi ake ce masa a gareji. Samarin da aka ɗauka daga baya su suka sauya masa suna saboda tafiyar sannu-sannu da ya koma yi, shi kuwa ya amsa.

"Ku buɗe."

Ya juya takardar. Babban rubutun sama ya gane shi, sunan kamfani ne. Abin da ke ƙasa kuwa layuka ne masu toka-toka, kamar jerin tururuwa a kan farin bango. Ya zaro tabaran da ya saya a kanti ya sa, tururuwan suka ƙara girma, ba su zama haruffa ba. Ya kawo takardar daf da hancinsa, ya tsinci kalma ɗaya, ta biyun ta narke. Ya ɗago kai, ya ga inuwar Shugaba ta juyo wajensa. Nan da nan ya sauke takardar kan tebur, ya cire tabaran, ya gyara zama.

Ko'ina ƙarar fensir ce. Wani yana karantawa ƙasa-ƙasa, sai Baba Sannu ya tsinci rabin tambayar a kunne, amsar ta zo masa kan harshe nan take. Amma bai san ko ta nawa ce ba, bai san akwatin da take ba.

Malamar ta zagayo ta tsaya kansa. "Baba, lafiya dai? Ba ka fara ba."

"Lafiya lau, 'yata. Tunani nake."

Ya kama fensirin. Ya bi gefen dama na takardar inda yake ganin duhu-duhun akwatunan, yana sa alama ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan dakatawa tsakani don ya yi kama da mai nazari. In an ce ya faɗi, za a ce tsoho ne bai yi boko ba, a sallame shi da lasisinsa a aljihu, ya nemi tuƙi wani wuri. In aka ce ido ne, ba mai sake miƙa masa makulli ko na injin niƙa. Da aka ce lokaci ya cika, shi ya fara miƙa tasa.

A gareji kowa sai surutu yake. Dogo yana rantsuwa cewa tambaya ta sha bakwai ba ta da amsa, Turawan ma ba su san ta ba. Baba Sannu ya zauna kan benci yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa. Shugaba ya leƙo ya jefo masa makulli.

"Baba, kai za ka kai Malama tashar jirgin ƙasa. Waɗannan mahaukatan ba zan ba su baƙuwa ba."

Ta zauna a baya, ta ɗora takardun kan cinya, ta fitar da jan biro ta fara dubawa. Rana ta take, hasken yana dukan gilashin gaba yana watsuwa a idonsa kamar garin alli. Ya sauke marufin rana, ya kama layin gefe, ya bi jar fitilar wata babbar mota.

Wayarta ta yi ƙara, ta yi magana da Turanci, tana cewa ba ta tabbatar ko za ta kai kafin ƙarfe biyu ba. Da ta kashe, sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"We will reach there before two, Madam. The road is not busy today."

Ta ɗago. "Ka ga Baba! Ai kai ba ka da matsala. Kai ne lamba nawa?"

"Tara."

Ya ji tana jujjuya takardu. Babbar motar ta karya kwana ta bar shi da farin titi. Bai ga mutumin ba sai da ya cika gilashin: wani mai tura amalanke cike da buhunan gawayi, sanye da riga kalar kwalta. Ya taka birki da duk ƙarfinsa. Taya ta yi ƙara, Malamar ta bugu da bayan kujera, takardu suka watse. Hancin motar ya tsaya taki ɗaya daga gwiwar mutumin. Mai amalanken ya daki murfin injin da tafi.

"Makaho ne kai? Tun daga can nake ɗaga maka hannu!"

Baba Sannu ya haɗa hannuwa yana ba da haƙuri har mutumin ya tura kayansa ya wuce yana zagi. Ya sa giya, ya ja motar. Malamar ta tsince takardun ɗaya-ɗaya, ta tsaya kan guda ta daɗe tana kallo.

"Baba, wancan babban allon da ke gabanmu, me aka rubuta?"

Ya san allon, ya wuce shi sau dubu. "Tallar taya ce."

"Madarar jarirai ce," ta ce a hankali. "Samu wuri ka tsaya."

Ya gangara gefen titi, gaban wani shagon walda, ya kashe mota. Ta miƙo takardarsa ta tsakanin kujeru, sannan ta tuna ba zai gani ba, ta janye.

"Rabin alamominka ba sa cikin akwati. Wasu a kan rubutun ka yi su. Tambaya ta shida ka sa mata uku, ta bakwai da ta takwas ba ko ɗaya. Tun yaushe?"

"Bara."

"Me ya hana ka ɗaga hannu?"

"Kin ga wanda ke tsaye a ƙofa da littafi."

Mai walda ya kunna wutarsa, tartsatsi yana zuba a ƙasa.

"Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, 'yata. Ban iya komai ba sai wannan sitiyari. Ki rubuta na faɗi kawai. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa ya san ban yi boko ba."

Ta duba agogonta, ta zaro sabuwar takarda daga jaka.

"Na ce zan karanta wa duk wanda ba ya gani. Saurara. She, sai gurbi, to the office every morning. Go, goes, going ko gone?"

"Malama, jirginki."

"Amsa."

"Goes. Mutum ɗaya ce, kuma kullum take yi."

"The drivers, gurbi, here yesterday. Is, are, was ko were?"

"Were. Suna da yawa, kuma jiya ne."

"Jera mini waɗannan: car, the, washed, have, I."

"I have washed the car."

Haka suka yi ta yi, tana karantawa yana amsawa, idonsa a kan sitiyari. Tun yana amsawa da ƙaramar murya har ya fara tarar numfashinta. A ta sha bakwai ya ɗan yi murmushi, domin amsar tana nan sarai, Dogo ne bai gan ta ba. Ya rikice a kan kalmomin in da on sau biyu, ya faɗi wata guda a kan jam'in da ba ya ɗaukar harafin s. Da suka kai ta arba'in, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Talatin da bakwai," in ji ta. "Cikin waɗanda na duba, ba wanda ya kai talatin."

Ya juya fuska wajen taga.

Ta rubuta lambarsa a sabuwar takardar, ta yayyaga tsohuwar ta cusa a jaka. "Turanci aka aiko ni in gwada, ba ido ba. Abin da ka ci shi zan rubuta, ba zan ƙara ko kalma ba. Ban san masu kamfanin nan ba, ban san abin da za su yi maka ba in sun ji." Ta rufe jakar. "Gobe wa za ka ɗauka?"

"Motar ma'aikata ce da ni gobe. Mutum sha takwas."

Ta dube shi ta madubi, shi kuwa farin mayafinta kawai yake gani. Ta buɗe ƙofa.

"Malama, saura kaɗan mu kai. Na san hanyar kamar tafin hannuna."

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri. Ina da jaririya a gida."

Ta tsaya bakin titi da jakarta har wata tasi ta tsaya, ta shiga. Ya bi launin motar da ido har ya haɗe da sauran launuka.

Ya daɗe zaune. Ya ci jarrabawar. Ranar Litinin za a liƙa sunaye a gareji, nasa a sama, Dogo zai yi ta ihu, 'yarsa za ta yi tsalle a tsakar gida. Makullin zai ci gaba da kwana a aljihunsa. Ya murza shi, injin ya tashi lafiya lau. Ya dubi titi. Abubuwa suna ta giftawa, manya da ƙanana, masu duhu da masu haske. Wani abu ɗan ƙarami ya tsallaka da gudu daf da gabansa, bai san ko akuya ce, ko leda, ko mutum ba. Ya jira ya ji ko wani zai kira suna ko ya yi tsawa. Ba wanda ya yi.

Ya kashe motar.

Ya laluba wayarsa. Sunayen ciki sun daɗe da ɓace masa, amma lambar Shugaba tana kansa, yatsansa kuma ya san wurin kowane maɓalli. Sai da ta yi ƙara sau biyar aka ɗauka.

"Baba, ka sauke ta?"

"Ta tafi. Shugaba, ka turo Dogo ya zo ya ɗauki motar nan. Ina gaban masu walda, bayan gadar sama."

"Subhanallahi. Lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To mene ne?"

"Ka dai turo shi. In na zo ma yi magana."

Ya zare makullin, ya fito, ya zagaya ta gaban motar yana dafa murfin injin, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna a kujerar fasinja. Kujerar ta matsa gaba da yawa, gwiwarsa tana dukan allon gaban motar. Ya sa hannu ƙasa yana neman abin ja da baya, ya daɗe bai same shi ba.