Numfashin Kafinta

"Ba a shiga da shi," in ji gandiroba, ya turo mata maganin shaƙar ta kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba abinci ba ne fa, numfashinsa ne," matar Kafinta ta ce. "Asma gare shi."

"Magani sai ta hannun asibitinmu. Idan ba shi da lafiya zai faɗa da bakinsa. Na baya ya matso."

Ina tsaye a bayanta riƙe da kwanon abinci. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, Yaya nake ce mata, shi ya sa na rako ta. An tsare mijinta ne kan wasu katakai da ya saya, daga baya aka ce na sata ne, yana jiran ranar shiga kotu. Ta roƙa a haɗa ta da nas, aka ce 'yan ziyara ba sa ganin nas.

Ta bayan ragar waya muka gan shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma yana hango mu ya washe baki.

"Ah, har da maƙwabciya? Lallai na zama babban mutum."

"Bar wasa, Maigida. Yaya ƙirjin?"

"Garau. Nan ai babu ƙurar katako, hutu ma nake yi."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da wani siririn fito a maƙogwaro. Yaya ta kafe shi da ido.

"Ka faɗa musu kuwa?"

"Haba, mutane cike da ɗaki, kowa da damuwarsa. Kwana nawa ne zan fito? Ki dai shayar min da lemon nan na tsakar gida."

Da aka ce lokaci ya cika, ya sa yatsunsa biyu a ramin wayar, ta taɓa su. Maganin na dunƙule a hannunta har gida.

Bai kai ranar kotun ba. Wata safiya ina shanya na ji sallamar baƙin maza a ƙofarsu, sai shiru, sai ƙarar kwano ya faɗi ƙasa. Waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi sun ce ya zauna ne kawai ya yi tsit, suka ɗauka tunanin gida yake yi. Kafin su gane su buga ƙofa, kafin a zo da mabuɗi, rai ya yi halinsa.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, wata dattijuwa ta yi sallama, ta tuɓe takalmi ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ita ce nas ɗin gidan yarin.

"Ni na duba shi ranar da aka kawo shi," ta ce. "Na tambaye shi ko yana da wani ciwo, ya ce lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanata wai kujerata ta karkace, zai gyara min."

"Haka yake," Yaya ta ce. "Ko yana mutuwa ƙalau zai ce miki. Da ni kika tambaya. Ina bakin ƙofarku da maganinsa a hannu."

"Sai daga baya na ji. Abin da ya hana ni sukuni ke nan." Ta share ido da gefen mayafi. "Za mu zauna da likita da gandirobobi. Ina so ki zo ki faɗa musu da bakinki."

"Zai dawo min da shi?"

"A'a, baiwar Allah. Amma akwai mazan wasu a ciki."

Yaya ta juya fuska bango. Na ɗauka maganar ta mutu, sai bayan ta fita takaba ta leƙo ta katanga ta ce in ɗauko mayafina in raka ta taron.

Ɗakin taron ƙarami ne, fanka na juyi da ƙyar. Yaya ta miƙe.

"Ni ban yi karatun likita ba, mijina kawai na sani. Idan ciwon zai taso ba ya tari, ba ya kira. Wasa yake dainawa. Ya zauna ya dafa gwiwoyinsa, ya sunkuyo gaba. A gida ina ganin haka nake rugawa. Nan ba wanda ya san shirunsa."

Likitan ya ajiye biro ya yi ta yi mata tambayoyi. Gandiroban nan yana can ƙarshen benci, hularsa a kan cinya, bai ɗago ba har aka tashi.

Yanzu ranar ziyara nas kan zauna a bakin ƙofa, ta tambayi kowace uwa da kowace mata ciwon da nata yake ɓoyewa. Yaya ba ta sake bin hanyar ba.

Damina ta kankama, ƙofar ɗakinsu ta kumbura ta daina rufuwa daidai. Kafinta ne ya yi ta da hannunsa, shi yake fere ta duk shekara. Maigidana ya ce zai kira wani kafinta, ta ce a bar ta haka. Kullum da safe ina jin ta ta katanga, ta sa kafaɗa tana tura ƙofar a hankali, har ta buɗe.