Kitsen da Ya Ƙone a Obin ɗin Umma

Ni dai ba na wanke obin ɗin nan. Kowa a unguwarmu a Makarfi ya san haka, kuma na ji ana cewa Naja'atu ƙazama ce. Su faɗa mana, ai bakinsu ne.

Na Ummanmu ne. Da can a tukunya da yashi take gasa kek, har Allah ya hore mata wannan mai gas. Dokarta ɗaya ce: in an gasa nama, a goge shi tas kafin kek ya shiga, don kek ba ya ɓoye wari. Ran Babbar Sallah ta gasa cinyar rago da yajinta mai kimba da kanumfari, kitse ya zuba ya ƙone a ƙasan obin. Ta ce gobe za ta goge. Ba ta kai goben ba.

Tun daga nan, duk sanda na kunna shi, da ya ɗau zafi sai ƙamshin yajin nan ya cika kicin. Wallahi sai in ji jan silifas ɗinta a bayana, da ɗan tarin da take yi kafin ta yi mini gyara. Amma ba na juyawa. Tsoro nake ji, kuma ina so. Wani lokacin ma da rana tsaka nake kunna shi babu komai a ciki.

Sai ga bikin ƙanwata Mukarrama ya taso, za a kai gara gidan miji a Hunkuyi. Na yi mata kek na gwaji. Ta gutsura, ta ajiye.

"Yaya, warin nama yake yi."

"To sai me? Ƙamshin Umma ne!"

"Na sani," ta ce, idonta ya ciko. "Amma Umma ta yi mini alkawarin kek irin nata. Da tana nan, za ta yarda a kai wannan gidan surukai?"

Na yi mata tsawa ta fita. Haushi ya kama ni don gaskiya ta faɗa.

Da hantsi na durƙusa da toka, da lemun tsami, da soson ƙarfe. Kitsen ya kama kamar ƙanzo. Ina kankarewa ina kuka, baƙin ruwa na bin hannuna, har ƙarfen ya fito fes.

Na kwaɓa fulawa da bota da ƙwai, na zuba a gwangwani, na kunna. Kek ya tashi ja-ja, ƙamshin bota zalla. Mukarrama ta leƙo ta ce, "Kai, Yaya! Sak na Umma."

Ta tafi kiran mutane su gani. Ni kuwa na tsaya gaban obin ina kasa kunne har ya huce. Sannan na juya, karo na farko tun rasuwarta. Ƙofa ce kawai, da tsintsiya a jingine.