Kin Sha Shayinki?

Muryar Jodie ta tsinke a tsakiyar baiti, daidai wurin da ta saba ɗaga ta har jama'a su miƙe tsaye. Makaɗa suka dakata. Can cikin kujerun da babu kowa, mahaifiyarta Noreen ta ƙanƙame jakarta. Da sassafe ta rufe shagonta na soyayyen kifi da dankali a garin Grimsby na gabar tekun Ingila, ta hau jirgin ƙasa zuwa Landan ba tare da ta faɗa wa kowa ba, don ta ga gwajin wasan da 'yarta za ta zagaya ƙasa da shi. A talabijin Jodie kyau take yi. A ido kuwa duk ta zama wuya, riga ta yi mata yawa kamar ta aro.

"A huta kaɗan," in ji manajanta Rupert, wani dogo mai yawan yaƙe. "A kawo wa tauraruwarmu shayinta."

Noreen ta ɗan ji sanyi a ranta, ashe mutanen nan sun san ya kamata. A Grimsby in an ce shayi, abincin yamma ake nufi: faranti maƙil da kifi da dankali da wake, ga burodi da man shanu, kofin ma raɓewa kawai yake yi a gefe. Tun da Jodie ta ci gasar waƙa ta bar gida, kullum sai Noreen ta kira ta da tambaya guda: "Kin sha shayinki?" Kullum amsar ita ce, "Na sha, Mama." Sai Noreen ta ajiye waya hankalinta kwance.

Aka kawo kofi ɗaya tal a kan tire. Baƙin shayi, ba madara, ba sukari.

"Ina sauran?" Noreen ta tambaya, har ta hau dandamalin.

"Sauran me, Madam?"

"Abincin mana!"

Rupert ya yi dariya. "Mu a nan in mun ce shayi, shayi muke nufi. Tela ya riga ya ɗinka kayan wasa, ba ma so su matse ta. Kyamara ba ta da mutunci, ƙara wa mutum jiki take."

Noreen ta juya ga 'yarta. Jodie ta sunkuyar da kai, kofin a hannunta.

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba, Mama."

"Ai gara ki yi min ƙaryar."

Baƙin ciki ya rufe Noreen. Ita da ke ciyar da rabin gari, tata 'yar na bushewa da yunwa a tsakiyar daula, kuma da bakinta ta buɗe mata hanyar zillewa.

"Ɗauko rigar sanyinki, mu tafi."

"Akwai yarjejeniya fa," in ji Rupert. "In ta fita ƙofar nan, ita da waƙa a ƙasar nan sai dai labari."

"Dafa yarjejeniyar ka ci, kai ma ka kwana biyu ba ka ga tukunya ba."

Jodie ta daɗe tana kallon makirufon. Sannan ta damƙa wa Rupert kofin, ta bi bayan uwarta.

*

Wanda ya ɗauka ajiye faranti gaban mai wannan ciwo na gudun abinci shi ne magani, bai taɓa jinyarsa ba. Likita ya ce zuciyar Jodie ma ta fara gajiya. Jodie takan zauna gaban yankan dankali ɗaya tana kuka, ta gutsuttsura shi, ta tura gefe. Noreen, wadda ba ta taɓa haɗiye magana ba a rayuwarta, ta koyi zama kusa da ita baki ƙulle. Wannan ya fi mata komai wuya.

Da jiki ya fara dawowa, jaridu suka taso. Suka buga hotonta a ƙofar shago, suka ce tauraruwa ta kumbura. Maƙwabciyarsu Beryl ta kwashe duk na kantin unguwa ta shimfiɗa a kejin akunta.

"Can ya dace da su," in ji ta. "Kuma tsuntsun ya gode."

Wata Juma'a da rana, layi har waje, Jodie na fere dankali a baya, sai ta fara rera wata waƙa da ta tsara da kanta. Noreen ta tsaya cak da matsami a hannu, don ta ji muryar tana hawa. Muryar ta hau, ta kai irin wurin da ta tsinke a Landan, ta zauna daram, ta fi ta da kauri da zaƙi. Kifi ya ƙone a mai, babu wanda ya yi ƙorafi. Wani direban bas da ke layi ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo ƙasar gaba ɗaya ta ji. Rupert ya kira, Noreen ta ce masa suna shan shayi, ya kira baɗi.

*

Da rani Jodie ta yi wasanta a tsohuwar tashar jiragen kamun kifi, faifanta na kan gaba a ƙasar, ba da kamfanin kowa ba. Ta fito da jikinta, kumatu shar, cikin rigar da Beryl ta ɗinka.

"Grimsby!" ta ƙwala. "Kun sha shayinku?"

Wurin ya kaure da ihu. Tsofaffin masunta da ba su taɓa rawa ba suka yi ta tiƙa. Noreen ta yi kuka ba kunya, tana zungurar na kusa da ita: "Tawa ce, ni na haife ta!"

Bayan wasa mutane suka yi layi Jodie na sa musu hannu, Noreen na gefe tana rabon dankali a takarda. Wata yarinya da ba ta wuce sha huɗu ba ta matso, agogo na yawo a tsintsiyar hannunta. Ta miƙa tsohon hoton Jodie, na zamanin Landan.

"Wannan za ki sa min. A nan kin fi kyau. A ƙofar firjinmu nake manna shi."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Jodie. Noreen ta yi maza ta cusa wa yarinyar ƙunshi mai zafi.

"Ungo, 'yar nan. Ci tun bai huce ba."

"Na gode, Baba," in ji ta da ladabi.

Noreen ta bi ta da ido cikin taron har bakin ƙofa. Can yarinyar ta waiwaya, ta ajiye ƙunshin a hankali kan katanga, ta goge yatsunta a siket. Tsuntsayen teku suka sauko masa.