Yadda Matta Ta Naɗe Ƙafafun Alhaji Sada

Matta 'yar Enoch ba ta sake taka ƙasa ba tun tana 'yar yaye, lokacin da shan inna ya ratsa unguwarsu a Ƙarfi ya shanye mata ƙafafu. Amma duk wanda ya kalle ta ya ce "Allah sarki" sai ya yi da-na-sani, don abin da aka rage mata a ƙafa an cika mata shi a baki. Tela ce mai keken ɗinki na hannu. In tafiyar kusa ce, ta zura hannu a takalmanta na katako ta ja jiki. In ta nesa ce, ta haye keken guragu tana murzawa, tana tsokanar duk wanda ta wuce.

Ita ke ɗinka wa wata makarantar 'yan mata da ke wajen Malumfashi kayan makaranta, kuma a can ta haɗu da Malama Lila, Ba'indiya mai koyar da lissafi. Wata rana Malama Lila ta tarar da ita ta dafe ƙugu tana cije leɓe, don murza keke ya cinye mata baya.

"Kai zauna," in ji Malama Lila, wadda a Hausarta kowa namiji ne. "Kai ja iska. A hankali. Kai sake iska."

Haka Matta ta fara koyon yoga, wadda ita ta raɗa wa suna miƙar Indiya. Bayanta ya saki, barci ya yi daɗi. Ranar da aka zo kan zaman nan da ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar 'yar uwarta, Malama Lila ta gargaɗe ta cewa ita kanta sai da ta yi shekaru kafin ta iya. Matta ta sa hannu ta ɗauki ƙafafunta ta linke su kamar tana linke zane. Da ta ga abin bai kai ya kawo ba, ta ɗaga guda ta rataya a bayan wuya, ta ce, "Ko haka ake so?"

Malama Lila ta riƙe baki.

"Ashe abin da likitocinmu suka ce ya lalace, a ƙasarku digiri ne," in ji Matta.

Kafin a jima ta kai abin rumfar Malam Rabe. Shi ne shugaban guragun yankin, mai facin taya ne a bakin titi, kuma manomi, don a kan gwiwa yake nome gonarsa, masararsa kuwa ba ta jin kunyar ta kowa. Duk ranar kasuwa in an tashi, guragu su taru a bayan rumfar, Musulmi da Kirista, a shimfiɗa tabarmi, Matta tana gaba tana ba da umarni. Ana miƙa, ana dariya, ana kuma maganar abin da ya dame su.

Abin da ya dame su kuwa shi ne sabon ɗakin taron ƙungiyar manoman auduga. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sada, babban dillalin auduga ne, mutum mai kyauta da tumbi da son a gani. Ya taɓa ganin wani gini a Kaduna mai dogayen matakala, sai ya rantse nasu ma haka za a yi shi. Aka ɗaga ginin sama kamar rumbu, kowace matakala ta kai gwiwar babban mutum. A ciki ake rabon taki, a ciki ake ajin yaƙi da jahilci, a ciki malamar asibiti ke zama in ta zo.

Matta da Rabe suka je suka same shi a ƙofar gida, suka roƙi a yi musu gangara ta siminti a gefe, wadda keke zai iya hawa.

"Haba, bayin Allah," in ji Alhaji Sada. "A ɓata fuskar gini? Ai sai a ɗauke ku. Ga majiya ƙarfi nan birjik."

"Ranka ya daɗe, ni mace ce, ba buhun masara ba," in ji Matta. "Wane ƙato ne zai sungume ni a gaban jama'a?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya sa aka kawo musu goro, zance ya mutu a nan.

Ana haka sai rediyo ya fara shelar cewa shekarar 1981 ta naƙasassu ce a duk duniya. Alhaji Sada, wanda ke leƙen siyasa ta wutsiyar ido, ya ga dama ta zo har gida. Ya sa ranar biki a tsakiyar damina, ya sayo barguna da sabulu, ya ɗauko wani mai hoto da ake kira Bature daga Funtua. Sannan ya aika a gaya wa Matta ta shirya mutanenta su yi wa baƙi wasan nan na Indiya.

Rabe ya yi jifa da ƙarfen cire taya. "Birai muka zama? Sai an kaɗa mana ganga mu yi tsalle?"

"Malam Rabe, ka ce masa mun amsa," in ji Matta. "Kai dai ka zo da hannuwan nan naka."

Ranar biki manya suka jeru a kan kujeru can saman baranda, guragu da makafi suna ƙasa a kan tabarmi, jama'a sun kewaye su. Aka yi jawabai, aka kira su 'yan uwanmu abin tausayi har ba adadi. Da aka zo kan wasa, Matta ta linke ƙafafu ta rufe ido, mutanenta suka bi. Rabe ya kafa hannuwa a ƙasa ya ɗaga jikinsa sama cak, ya tsaya kamar turke. Wuri ya kaure da tafi.

Sai Matta ta ɗaga kai ta dubi baranda.

"Ranka ya daɗe, saura hoton shugaba. A Indiya ba a ɗaukar babban mutum hoto a kan kujera, sai a wannan zama. Ministoci ma haka suke yi. Ko ba haka ba, Malama?"

Malama Lila, wadda ke zaune cikin baƙi kuma kalmar Indiya kaɗai ta kama a zancen, ta gyaɗa kai tana murmushi.

"Babu tsafi a ciki dai ko?" in ji Alhaji Sada.

"Numfashi ne kawai, ranka ya daɗe, wanda Allah ya ba ka kyauta. Yana kuma rage tumbi. Amma in da wuya a bari, Malam Ummaru ya wakilce ka. Shi jikinsa ba nauyi."

Malam Ummaru shi ne mataimakinsa, siriri kamar karan dawa, kuma kowa ya san kujerar shugaba yake hari. Kafin a rufe baki ya sauko ya zauna ya harɗe. Bature ya juya kyamara wajensa. Ai kuwa Alhaji Sada ya tattara babbar rigarsa, shadda mai sitaci, ya sauko yana haki.

Da ya zauna, Rabe ya matso ya kama masa ƙafar dama ya ɗora a cinyar hagu. Ta hagun ta ƙi. Ya tofa yawu a hannu, ya lallaɓa ta, ya murɗa, ya danna, yadda yake mayar da taya mai taurin kai, sai ga ta ta hau. Idanun Alhaji suka firfito, amma ya ga Ummaru zaune lafiya lau, ya haɗiye ƙararsa.

"Doka ɗaya ce," in ji Matta. "A rufe ido, a rufe baki, har sai na ce a buɗe. Wanda ya riga buɗewa, jama'a shaida ne, shi ne rago."

Suka rufe. Matta ta sassauta murya, ta mayar da ita irin ta Malama Lila.

"A ja numfashi. A tuna da Malam Rabe, da ya biya kuɗin ƙungiya tun kafuwarta, amma rabon taki sai dai ya ji labari daga ƙasa. A sake numfashi, a hankali. A ja kuma. A tuna da Barakatu, da ta zo awon ciki ta zauna a gindin matakalar nan har malamar asibiti ta tashi. A riƙe shi nan. A riƙe, ranka ya daɗe, ban ce a sake ba."

Jama'a suka fara ƙunshe dariya. Gumi ya keto wa Alhaji Sada. Ya gane an yi masa tarko, amma in ya buɗe baki ya zama rago a gaban Ummaru, a gaban mai hoto. Matta kuwa ba ta gaggawa. Ta bi mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da abin da matakalar ta hana shi, har da ita kanta da ke son shiga aji ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da idonta. Tsakanin kowane suna sai a ja numfashi.

Abin da ba ta shirya ba shi ne hadarin da ya taso daga gabas. Iska ta kaɗa sau ɗaya, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka dare. Masu ƙafa suka yi baranda a guje, wasu da barguna a ka, wasu da lasifika. Malam Ummaru ya warware ya bi su yana ɗingishi.

Alhaji Sada ya yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Rabe ya warware masa su da ƙyar, amma sun mutu murus. Alhaji ya mintsini cinyarsa, kamar ya mintsini ta wani.

"Matta! Ƙafafuna! Me kuka yi mini?"

"Za su dawo, ranka ya daɗe. Naka masu dawowa ne." Ta share ruwa daga fuska. "Kafin nan ai sai a ɗauke ka. Ga majiya ƙarfi nan birjik."

Ƙarti biyu suka sauko, ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu. Shadda ta sha ruwa ta yi nauyi, Alhaji kuma ba ƙaramin kaya ba ne. A matakala ta farko hula ta faɗi. A ta gaba na bayan ya zame, riga ta yaye har ƙirji, tumbi ya fito fili yana sheƙi. Matan da ke baranda suka kwashe da shewa. Walƙiya ta haska, ko kuwa fitilar Bature ce, har yau ana gardama.

"Ku sauke ni!" in ji Alhaji Sada. "Ku sauke ni, 'yan banza!"

Suka mayar da shi inda suka ɗauko shi. Guragu kuwa ruwa ba baƙonsu ba ne, tuni kowa ya ja tabarma ya rufa. Rabe ya ɗaga gefen tasa, ya ce, "Bismilla, Alhaji." Shugaban manoman auduga ya sunkuya ya shiga, Rabe a damansa, Matta da tata tabarmar a hagunsa, ruwa yana bi ta ƙarƙashinsu.

Can jini ya fara komawa, minjirya ta kama shi, ya dinga salati yana dukan ƙasa. Da ta lafa ya ɗaga kai yana kallon matakalarsa daga inda bai taɓa kallonta ba.

"Ashe haka take da tsawo," ya ce.

"Ƙarami ne ya gina ta?" in ji Rabe.

Alhaji ya juya. "Ke, tsakaninki da Allah, ke kika kira ruwan nan?"

"Ni numfashi kawai na ce a ja, ranka ya daɗe. Ban san har sama za a jawo ba."

Ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har yana tari, Rabe yana buga masa baya.

Kafin kaka aka kawo siminti. Alhaji Sada ya shaida wa duk wanda ya tsaya saurare cewa tunanin gangarar nan ya daɗe a ransa, tun ma kafin a aza harsashi. Matta ba ta musa ba. Sai dai magini ya ƙi tambayar kowa, ya yi ta gajera, a tsaye, ya kuma goge ta sumul kamar faranti. Ranar gwaji Rabe ya hau a kan kekensa da taimakon masu turi. Wajen saukowa keken ya ƙwace, ya tsallake fili da shi kamar kibiya, bai tsaya ba sai cikin ƙwaryar wata mai fura. Aka ciro shi fari fat, yana lasar gemu yana cewa nonon dai mai kyau ne.

Matta ta murza kekenta har gaban magini.

"Malam, tela ba ya ba da riga sai an gwada. Hau keken ka sauko."

Magini ya dubi Alhaji Sada don neman ceto. Alhaji ya ɗauke kai yana duba farcensa. Mutumin ya leƙa gangarar daga sama, ya dubi mai furar da ke kwashe kayanta tana zage-zage, ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Nawa ne tsawon da kuke so?" ya ce.

Matta ta ciro igiyar awonta daga wuya ta miƙa masa ɗaya bakin, ta riƙe ɗayan.

"Yi ta ja baya," ta ce. "Ni zan ce maka tsaya."