Hoton Ɗiyar Fari

…kuma wa ya aike ki, Binta? Wai, "Inna, ko tsoron jirgi kike?" Tsoro! Ni Daso? Ke da ɗana Mode ya auro ki ko tuwon mutum goma ba ki iya tuƙawa, yau ke ce mai auna min zuciya. Shiru na yi miki don kar in faɗi abin da za ki kai wa mijinki. Koma madafa.

Shekara nawa jiragen nan suna bi ta kan Boɗinga? Filin jirgin ga shi nan ba nisa, lokacin alhazai ko kaji sun bar firgita. Ba jirgi nake tsoro ba. Abin da anka ƙulla a bayan jirgin… shi nake son in gane kafin gobe da safe.

Kuka, ƙulli biyu. Daddawa. Yajin ga ya ji iska, sai an sake masa leda. Wai ba a shiga da man shanu. To mi ake shiga da shi?

Kwana goma ke nan da Haliru ya sauka daga Malesiya. Jikana, ɗan waccan yarinyar, ta farin. Shekara tara uban ya kwashe su can wurin aikin koyarwa, ba wanda ya ce Inna zo ki gani. Sai bana, ana tsakar dashen albasa — a taho da tsohuwa maza-maza. An kai ni Sakkwato, an dangwala yatsuna, an yi min allura, an ce in buɗe kunne a ɗauke ni hoto. Domi bana? Domi da gudu?

Haliru kuwa da abin nan a wuyansa kamar laya. Kyamara. Ba irin ta mai hoton bakin tasha ba, wannan idonta ya kumburo waje kamar gindin tasa. Tun yana ƙarami haka yake, ya ji ƙugin jirgi ya bar tuwo ya fita. Yanzu da gemunsa, wai sai ya kwanta a ƙasa bayan waya yana jiran cikin jirgi ya bi ta kansa. Ba aiki ba ne, yac ce, sha'awa ce. Sha'awa! Mutum ya yi birgima cikin ƙaya don sha'awa.

"Amarya, tsaya nan in ɗauke ki."

"Ka biya sadaki, mijin banza?"

"Ai kin tsufa, ragi za a yi min."

Na yi dariya. Na yi, ban musu ba. Amma da ya wanko hotunan ya kawo… ga su nan ƙarƙashin tabarma. Wanga gidana ne? Katanga ta lanƙwashe kamar bakin ƙwarya. Tsakar gidan da taki goma sha biyu ne daga turmi zuwa rijiya ta koma filin idi. Zaure, rumbu, turken awaki, har bishiyar maƙwabta, duk cikin takarda guda. Ni kuma can tsakiya, ƙafafu manya, kai kamar goro. Wai ido mai faɗi ne, ba ya barin komai a gefe.

Ba ya barin komai. To.

Ga hoton fadamar Shagari, ta gadon ubana. Na san ta da ƙafa, na san ta da ƙugu, mata shida kwana biyu sun gama dashe. A nan kuwa ba ta da iyaka, kunya-kunya har inda sama ta taɓa ƙasa. Wa ke ƙara wa gona girma? Mai sayarwa. Haka ɗiyan Ɗantani na garinmu sunka yi — a kai Baba birni ya huta, a kai Baba ya ga likita, kafin ya dawo an kafa duwatsu a gonarsa, ya tsaya bakin hanya yana tambayar masu gini ko sun ga kukar da ke nan… Ni ba Ɗantani ba ce.

Na ba Binta tikitin, tun da ita ta yi boko. Ranar tafiya ga ta. Ranar dawowa fa? Ta juya takarda, ta sake juyawa. "Inna, a buɗe anka bar ta." A buɗe. Kamar ƙofar gidan da ba kowa.

Jirgi uku, in ji Haliru. Ƙarami zuwa Abuja. Sai babba, kujeru jere-jere da hanya biyu a ciki, mutum ɗari uku da ɗoriya, har da ban-ɗaki. Awa bakwai ko takwas a zaune, a sauka ƙasar Larabawa, a sake hawa wani, a sake wasu takwas. Taga ba ta buɗuwa. Alƙibla fa? Wai akwai allo mai nunawa. Alwala fa? Wai ya sa a tanadar min keken guragu a filin jirgi. Ni da ke zuwa kasuwa da ƙafata! Sun riga sun mai da ni kaya, abin da ya rage a liƙa min takarda a goshi. In sunka ajiye ni can, wa na sani? Da wane baki zan ce a mai da ni gida? Wai har agogonsu ya riga namu da awa bakwai. Ƙasar da ko rana ba ta jiran mutane.

Ba ni zuwa. In ya dawo daga Shagari in ce masa ba ni zuwa, ya ɗauki daddawarsa.

Shagari kuma. Zuwa na uku ke nan shi da Mode, suna ƙus-ƙus a zaure, in na fito su koma zancen taki. Binta jiya ido jajir — "albasa na yanka, Inna." Ni za a gaya wa albasa? Shekara hamsin ina cikinta. Hawayen albasa ba ya kumbura fatar ido.

To amma wannan hoton fa… wannan ba gona ba ce. Kangon gidanmu ne na Shagari. Ɗakin Innata, rufin ya faɗa, akuya na kwance a ciki. Ya ɗauke shi daga ƙofa, ya ɗauke shi daga ciki, tsamiya, bakin rijiya, har ramin da ake dafa ruwan wanka. Wa zai sayi kango? "Amarya, wane ɗaki ne anka haifi Ummata?" Na ce tashi ka ba ni wuri, marar kunya. Ana tambayar mutum wannan? Mode ne ya nuna masa.

Nan ne. Damina ce, ɗakin na yoyo, Innata ta tara kwano. Da anka ɗora min ita na kau da kai. Haka ake yi. Ɗiyar fari ba a kallonta gaban mutane, ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa. Shekara arba'in da bakwai sunan nan bai fita bakina ba. Ranar da za su tafi ta durƙusa nan, daidai inda turmin ga yake, tana kuka, na ce a gaya mata ta tashi mota na jira. In ta bugo waya Binta ta miƙo min — kuna lafiya? Lafiya lau. To madalla. In mayar. Ni ba sakarai ba ce da zan zauna ina hira da ɗiyar fari gaban suruka.

Da ana ganin fuska a wayar. Ina wucewa in saci kallo. Yaushe anka bari? Tun Babbar Salla… murya kaɗai. Wai layi ne ba kyau.

Haliru ya ba ni nata hoton ran da ya sauka. Gaban kowa, yaron banza, sai na tura ƙarƙashin filo ban duba ba. Da safen ga na haɗo shi da sauran. Yana nan ƙasa, a kife.

Binta na madafa. Yara na wasan gala-gala. Ba mai kallo.

Na juyo shi. Fuska ce kawai.

Fuska — daga goshi zuwa haɓa. Shi da ke cusa duniya cikin takarda guda, shi da bai bar ko igiyar shanya ba, ya zo kan uwarsa ya matse. Ina ɗakin? Ina kujerun da ake ba mu labari? Ina kafaɗunta? Ɗankwali ta ja shi har ƙasa, ba ta ɗaura haka, tun tana yarinya baya take tura shi ina faɗa ta bakin wasu. Girar ta fa? Girar ubanta gare ta, mai kauri, har ta kusa haɗewa. Babu. Kumatun sun… tana murmushi. Wannan farin na bayanta ba bango ba ne, filo ne. Nan gefe, inda bai gama yankewa ba, wata 'yar roba siririya ta sauko.

Na ga irin ta a hannun Malam, mijina, a gadon asibiti. Kwana shida ya yi, ya rasu.

A buɗe anka bar ta…

Ba mai saye yake nuna wa hotunan ba. Tsamiyar, rijiyar, ɗakin — wadda ba ta iya zuwa ta gani. Kar a bar mata komai a gefe. Ni kuwa kwana goma ina gadin fadama. Kwana goma hotonta yana ƙarƙashin kaina. Tun Babbar Salla take cewa "Inna," tana jira, ni ina miƙa wa Binta waya.

Awa bakwai, da takwas, da zaman jira… yau ma bai fi gobe ba? Babu na yau? Mi ya sa Haliru bai ce tana jinya ba? Ya ce mi — wa zai tsaya gabana ya kira ta da suna, in bar shi ya ƙarasa?

Sa… Safi…

Harshen ya ƙi. Kamar ƙofar da ta shekara a rufe.

Safinatu.

Yara sun bar wasan. Sun yi cirko-cirko suna kallona. Can yanzu dare ya raba, ko tana barci, ko tana kallon rufi…

"Mi kuke kallo? Ku shige ɗaki ku kwanta."

"Inna, ko magariba ba a yi ba."

"Na ce ku kwanta."